Kyanwar da Ke Kuka da Ido Ɗaya

Ranar kasuwar garin Hajj Abdalla ce, hantsi ya ɗaga, Muhsina na tsaye a bakin tur'a, wato babban magudanar ruwan da ke shayar da gonakin ƙauyensu, Hillat Gado. Ta riƙe kwando a ƙugunta, an rufe shi da tsohon mayafi. Wata mota ta tsaya mata, amma da direban ya ji abin da ke cikin kwandon ya yi kuka, sai ya girgiza kai ya ja abarsa.

Can sai ga karo, amalanken jaki, shaƙe da buhunan albasa. Mai tuƙin wani saurayi ne dogo siriri, yana tafe yana yi wa jakinsa hira kamar abokinsa.

"Ya zol, bawan Allah, kasuwa za ka?" in ji Muhsina.

"Kasuwa za ni. Amma jakina ba shi ɗaukar kayan da bai san ko mi ne ba."

"Kyanwa ce."

"Ta sayarwa?"

"Ta kai wa likita."

Saurayin ya yi dariya har linzami ya kuɓuce masa. Da ya ga ita ba ta yi ba, sai ya haɗiye sauran, ya gyara mata wuri a kan buhu.

"Sunana Alamin. Buɗe in ga marar lafiyar."

Ta ɗaga mayafin. 'Yar kyanwa ce ruwan toka, ba ta fi cikin tafin hannu ba. Idonta na hagu lafiya lau. Na dama kuwa abin mamaki ne, domin fatar da ke rufe ido daga sama rabi kawai aka yi mata, kamar tela ya tashi salla ya bar ɗinkin. Gashin goshinta ya sauko kai tsaye yana sharar ƙwayar idon, shi ya sa hawaye ba ya yanke mata. Ko barci take yi, wannan idon a buɗe yake, yana zuba.

"Mi sunanta?"

"Ƙwalla."

"To, Uwar Ƙwalla, riƙe da kyau. Jakina ya fi motar nan mutunci, amma bai san birki ba."

A hanya ta ba shi labarin, ba don ya tambaya ba. Lokacin da yaƙi ya kori mutane, gidansu sun yi gudun hijira zuwa Gadarif. A can zazzaɓi ya ɗauke Ihsan, wadda aka haife su tagwaye da Muhsina. Da aka dawo, sai aka tarar kyanwoyi sun cika gidajen da aka bari. Wata ta haihu a ɗakinsu, a kan angarib ɗin Ihsan, gadon igiya da take kwana a kai. Da ta ji motsin mutane ta kwashe 'ya'yanta, ta bar wannan.

"Ka san abin da tsofaffi ke faɗi," in ji ta. "Wai ran tagwaye na fita ya shiga jikin kyanwa. Yanzu matan unguwa sun ce Ihsan ce ta dawo tana yi mini kuka in bi ta."

"Ke mi kika ce?"

"Na ce Ihsan ba ta taɓa kuka shiru ba a rayuwarta. Da ita ce, da duk yankin Jazira ya ji."

Alamin ya waiwayo ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, har jakin ya nufi cikin gonar wani.

A kasuwa suka sami Dakta Najwa, likitar dabbobi, zaune a ƙarƙashin dogon yaro da akwatin ƙarfe, domin ɗakin aikinta ba a bar komai a cikinsa ba lokacin yaƙi. Makiyaya sun kewaye ta da maruƙa da awaki. Da suka ga abin da Muhsina ta kawo, suka hau zunɗe da dariya. Muhsina ta tsaya a layi tsakanin saniya da bunsuru, ba ta dubi kowa ba.

Likitar ta juya kan kyanwar a hankali. "Wa ya sa mata kwalli?"

"Innata. Ta ce yana tsayar da hawaye."

"Kada a ƙara. Wannan ba ciwon shafe-shafe ba ne. Haka aka haife ta, kuma in aka bari gashin zai cinye idon. Sai dai a yi mata fatar ido."

"Ana yin fatar ido?"

"Ana ɗebo 'yar fata daga gefen bakinta, a juyo da ita sama a ɗinka. Na yi wa maruƙa ɗinkin ido, na kyanwa sai na nemi shawarar malamina. Amma sai ta ƙara girma. Sannan akwai allurar barci da zare mai laushi, daga birnin Madani ake kawo su." Ta faɗi kuɗin. Ya kai na tunkiya mai ciki.

Wani makiyayi ya ce, "Yarinya, da wannan kuɗin ai sai ki yi aure."

"In na tashi zan gaya maka, Baba," in ji Muhsina, ta rufe kwandonta.

Daga wannan rana karon Alamin ya daina sanin wata hanya sai ta ƙofar gidan Malam Jibirin, mahaifin Muhsina. Yau ya kawo ƙananan kifi daga tur'a, gobe ya kawo madarar akuya a kwalba, kullum kuma wai Ƙwalla ya zo gaisarwa. In ya tafi sai saƙo ya biyo baya.

"Uwar Ƙwalla, jakina ya ƙi cin harawa. Na tambaye shi, ya ce tun da ya ɗauke ki sauran kaya duk wari suke yi masa."

Ita kuma ta amsa: "Direban jaki, ka gaya masa ya ci. Ba ni da kuɗin likita biyu."

Wata rana ya rubuto: "Toma tawa, ina so in turo manyana." Toma shi ne yadda ake kiran macen tagwaye a nan, kuma tun rasuwar Ihsan ba wanda ya ƙara kiranta da shi. Ta sake karanta saƙon, sannan ta rubuta: "Turo su. Amma mu biyu ne, ni da Ƙwalla."

Maza suka zo suka yi magana, aka sha jabana, wato gahawa, aka rabu da fara'a. Sai ranar da Hajja Bilkisu, mahaifiyar Alamin, ta zo ganin yarinya. Tsohuwa ce gajera mai kaifin murya, da 'yar matsefata rataye a wuyanta da zare. Tana zama tana goge ido da gefen tob, wato zanen lulluɓinta, domin gashin idonta ya lanƙwashe ciki shekara da shekaru, kullum sai ta tsige shi.

Muhsina ta kawo shayi ta durƙusa. Sai Ƙwalla ta fito daga ɗaki, ta haye cinyarta, ta zuba wa baƙuwa ido, hawaye na sauka ta gefe ɗaya.

Hajja Bilkisu ta ajiye kofin. "Ashe gaskiya ne. A kan gadon marigayiyar aka haife ta?"

Inna ta sunkuyar da kai. "A kai ne, Hajja."

"To ba ni kai ɗana gidan da matacce ke kuka. A sa ta a buhu a ƙetare kogi da ita. In an yi haka, sai mu sa rana."

"Ba za a ƙetara da ita ba, Hajja," in ji Muhsina.

"Muhsina!" in ji Inna.

"Gashi ne ke sukar idonta. Hajja, ke ma tun da kika zauna idonki ke zuba. Wa kike yi wa kuka?"

Hajja Bilkisu ta miƙe, ta ja tob ɗinta, ta fita ba ta ko nemi takalminta ɗaya ba, sai bin ta aka yi da shi.

Da yamma Malam Jibirin ya dawo daga gona, ya zauna a kan tabarma bai ko wanke ƙafa ba.

"'Yata, kyanwa ce fa. Za ki rasa miji saboda kyanwa?"

"Baba, in na jefar da ita, na yarda ke nan Ihsan na yawo cikin dabba. Kai ka sa ta a ƙasa da hannunka a Gadarif. Tana can ko ba ta can?"

Tsohon ya rufe fuskarsa da tafi. "Tana can."

"To a bar ta ta huta. Wagga kuma kyanwa ce mai ciwon ido, kuma sai an yi mata magani."

Malam Jibirin ya bar maganar jefar da kyanwar. Ya dai aike ta ta je ta ba Hajja haƙuri a kan maganar ido. Ta je, ta durƙusa a ƙofa ta ba da haƙurin maganar, amma da aka tambaye ta kyanwar, ta ce tana nan lafiya.

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Hamid, wani ɗan Managil mai shagon cajin waya da ya daɗe yana kewaya gidan. Ya zo cikin jallabiya fara ƙal, ya tsaya nesa da kwandon.

"Muhsina, ni ba ni da uwa mai tsoron aljanu. Rabu da wannan mai tsiyayar. Zan sa a kawo miki fara daga Masar, mai gashi kamar auduga."

"Ita ma in idonta ya yi ciwo sai ka sauya ta?"

"Me zai hana?"

"Ni fa, in nawa ya yi?"

Hamid ya yi dariyar yaƙe ya tafi, amma bai haƙura ba.

A wannan tsakanin Alamin ya yi wuyar gani. Karonsa ya daina wucewa da safe, saƙonninsa suka gajarce. "Ina lafiya, aiki ne." "Na gaji, sai gobe." Muhsina ta ce a ranta uwarsa ta ci ƙarfinsa. Tana cikin haka sai Hamid ya turo mata hoto. Karon Alamin ne a kan hanyar Hasahisa, ba albasa ko buhu ɗaya, sai wata mace zaune kusa da shi ta ba da baya, ya shimfiɗa mata bargo, har da laima. Ƙarƙashin hoton Hamid ya rubuta: "Kullum haka suke, ƙauye zuwa ƙauye."

Ita da ta zauna a kan buhun albasa! Nan take ta rubuta: "Alamin, ba sai ka ɓoye ba. Da ka ce mini ka bi maganar Hajja, da na gane. Allah ya ba ku zaman lafiya kai da mai laima. Kada ka ƙara kawo kifi."

Amsa ta zo: "Toma, ba yadda kike zato ba ne. Ba ni iya faɗi yanzu."

Ba ta ƙara rubutu ba. Ta yi kuka iya nata, ta wanke fuska. Washegari ta ɗaura tob, ta bi sawun karo a bakin tur'a tana tambayar masu ban ruwa, har ta kai wani zangon makiyaya.

Ga Alamin nan kwance cikin kashin shanu, ya danne wani ɗan maraƙi da ƙirjinsa, maraƙin na shure shi. Mai laimar na tsugune tana yi masa allura. Da ta ɗago, sai Muhsina ta ga Dakta Najwa ce.

"A'a, uwar marar lafiyata!" in ji likitar. "Kin zo duba ɗan ƙodagonki? Motata ta tafi da yaƙi. Wannan ya zo ya ce zai riƙa kai ni rigakafi duk ƙauyukan nan har a gama, a bakin ladan aikin kyanwarki. Ban taɓa ganin mai tsoron ƙahon sa kamarsa ba, amma bai taɓa fashi ba."

Alamin ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya kasa dubanta.

"Don mi ka ɓoye mini?"

"Na san halinki. Cewa za ki yi ba ki so, ke za ki biya abinki."

"Da na faɗa, ƙwarai. Albasar taka fa?"

"Na ba wani ya riƙa kai mini."

"Laimar fa?"

"Tata ce, wallahi."

Muhsina ta so ta ci gaba da fushi, amma akwai kashin saniya a kunnensa, sai dariya ta ƙwace mata. "Direban jaki, kada ka ƙara yi mini alheri a ɓoye. Saura kaɗan in tsine maka."

"Na tuba, Uwar Ƙwalla."

Ladan hannun likita ya fita, saura allurar barci da zare. Wannan kuwa Muhsina ta ce nata ne.

Kafin gudun hijira, ita da Ihsan sun haɗa humra da hannunsu, irin wadda kowace amarya ke tanada: sandal da farce da miski, aka jiƙa, aka turara, aka zuba a babbar kwalba. Ta aurensu ce su biyu. Ranar da za a gudu suka haƙa rami a ƙarƙashin gado suka binne ta. Muhsina ta ɗauko fartanya ta janye angarib ɗin Ihsan. Kwalbar na nan, humrar ta yi duhu ta nuna. Da ta buɗe, ƙamshi ya cika gidan har Inna ta fito daga madafa da gudu.

"Ke! Ina za ki da ita?"

"Hasahisa. Akwai amaryar da ke nema."

"Ki shiga ɗakin miji ba humra? Mi mata za su ce?"

"Sun riga sun faɗi wanda ya fi wannan, Inna."

Inna ta riƙe kwalbar ta shinshina, hawaye ya zubo mata. Sai ta tsiyaya kaɗan a murfi, ta shafa wa Muhsina a wuya, ta miƙa mata sauran. Muhsina ta kai ta sayar, kuɗin ya isa allura da zare.

Lokacin da aka girbe alkama Ƙwalla ta yi girman da ake so. Aka yi aikin da safe a kan teburin shayi, a inuwar dogon yaro. Alamin ya riƙe fitilar waya, amma da ya ga wuƙa sai ya kau da kai, Muhsina ta karɓe. Dakta Najwa ta yanko 'yar fata daga gefen baki, ta juyo da ita sama, ta ɗinka da zaren da ya fi gashi siranta. Aka yanka wata tsohuwar roba aka sa wa kyanwar a wuya don kada ta sosa. Ta yi kwanaki tana yawo kamar fitila mai ƙafa huɗu, tana karo da bango, fuskar a kumbure. Matan unguwa suka ce ai ga shi nan, an taɓa abin da ba a taɓawa.

Kumburi ya saɓe. Aka cire zare. Wata safiya Muhsina ta shafa gefen fuskar Ƙwalla, ta ji shi a bushe.

Ba ta sa ta a kwando ba. A kafaɗa ta ɗora ta, da rana tsaka, ta ratsa Hillat Gado ta gaban masu niƙa da masu ɗiban ruwa, har gidan Hajja Bilkisu. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta ajiye kyanwar a kan tabarma.

"Hajja, ban zo da rashin kunya ba. Na kawo ki gani da idonki."

Tsohuwar ta janye ƙafafunta. Ƙwalla ta shinshina tabarmar, ta yi miƙa, ta kwanta a inda rana ta faɗo. Sabuwar fatar ta ɗan karkace, kuma da yake daga baki aka ɗebo ta, sai idon ya zama kamar yana murmushi. Ta ƙifta. Ta sake ƙiftawa. Sannan ta rufe idanu duka biyun ta yi barcinta.

Hajja Bilkisu ta matso ta sunkuya. Ta daɗe tana kallo, tana goge nata idon.

"Gashi ne ke sukar ta da gaske?"

"Gashi ne, Hajja."

"Kamar yashi a ciki, ko? In iska ta buso ya fi zafi." Ta taɓa matsefatar wuyanta. "Baiwar Allah. Ita ba ta da hannun tsigewa ma."

Ta kai yatsa ɗaya ta shafi bayan kyanwar. Can ta ɗago.

"Wagga likita taku, tana yi wa mutane?"

"Shanu da awaki kawai, Hajja. Sai kyanwa ɗaya."

"To ki ce mata ga tsohuwar akuya nan."

Muhsina ta rufe baki da gefen tob, amma dariyar ta fi ƙarfinta, tsohuwar ma ta biye mata.

"Akwai masu yi wa mutane a asibitin ido a Madani," in ji Muhsina. "Ni zan raka ki."

"Ke da bakin nan naki, ai sai su yi mini aikin don su rabu da ke. Tashi ki gaya wa ubanki a sa rana."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Da yamma aka shimfiɗa jan zane a kan angarib don jirtig, al'adar sa wa ma'aurata albarka, aka zaunar da ango da amarya, mata na guɗa. Kafin a fara, Hajja Bilkisu ta shigo, idonta ɗaya da sabon tabon ɗinki, ba matsefata a wuya. Ta fito da wata tsohuwar kwalba daga cikin tob.

"An ce mini amaryar ɗana ba ta da humra. Wannan tawa ce, tun ta aurena nake ƙara mata." Ta shafa wa Muhsina a wuya da hannuwa, ta danƙa mata kwalbar.

Aka ba su madara su fesa wa juna kamar yadda aka saba. Alamin na shirin kurɓa ke nan Muhsina ta riga shi, ta jiƙa masa fuska sharkaf.

"Toma, ko a nan ma?"

"Ko a nan ma, direban jaki."

Sai ga Ƙwalla ta fito daga ƙarƙashin gado, ta hau lasar madarar da ta zuba a ƙasa. Wata tsohuwa ta buɗe baki za ta yi magana, Hajja Bilkisu ta harare ta da sabon idonta.

"Kyanwar gidana ce. Akwai mai magana?"

Waccan tsohuwar ta rufe bakinta. Malam Jibirin ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa, ya ce: "Allah ya jiƙan Ihsan a inda take kwance. Ku kuma Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa duk mai rauni da ya faɗo gidanku ya sami wurin kwana."

Jama'a suka amsa da amin. Ƙwalla ta gama lasar madararta, ta haye cinyar amarya, ta rufe idanunta duka biyu.